Tambaya da Amsa: Giyar Tokaj da ake sha da cokali, me ake nema a cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce, ina karatun kimiyyar sarrafa abinci a Debrecen, ƙasar Hangari. Malamanmu sun kai mu ziyara yankin Tokaj, inda ake yin giyar inabi. A wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa aka fito da wata 'yar kwalba, ana ɗiga wa kowa abin da ke ciki a cokalin gilashi, aka ce sunansa Eszencia. Ni ban sha ba, na dai shaƙa, na ji ƙamshin zuma da busassun 'ya'yan itace. Mai wurin ya ce da ruɓaɓɓen inabi ake yin ta, kuma wai kusan babu barasa a ciki. Cikin 'yan ajinmu wasu sun yi ta yabo, wasu kuma suka ce ruwan sukari ne kawai aka tsawwala wa kuɗi. Yaya ruɓaɓɓen abu zai zama mai daraja haka? Me masana ke nema idan suna ɗanɗana abu mai zaƙi irin wannan? Kuma gaskiya ne ba a lissafa ta cikin giya? An ce mu rubuta rahoto a kan ziyarar.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ba ta son kwana-kwana. Eszencia giya ce. A dokar Hangari giya ce, a ɗakin gwaji ma giya ce. Abin da mai wurin yake nufi shi ne barasar da ke cikinta ba ta kai ta sauran giyar inabi ba. Waɗancan sukan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100, ita kuwa yawanci tana tsakanin kashi 2 zuwa 4, wani lokaci ta ɗan haura. To amma kashi 4 ɗin nan ai kusan shi ne ƙarfin giyar kwalba da ake sayarwa a mashaya. Ƙanƙantar cokalin ce take sa mutum ya raina ta. Hadisin da malamai ke kafa hujja da shi a irin wannan kin san shi, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Saboda haka kada "kusan babu" ta ruɗe ki. Rahotonki kuma bai buƙaci ki kai ta baki ba. Mafi yawan abin da ake yabo a jikinta hanci ne ke kama shi, ragowar kuma alƙaluman ɗakin gwaji suna faɗinsa.

Sai batun ruɓa, wanda shi ne gindin maganar duka.

Akwai wata fumfuna da masana ke kira Botrytis cinerea. Ba baƙuwa ba ce ga manomi ko'ina a duniya, ita ce wannan toka-tokar gashin da ke fitowa a jikin tumatir ko inabi idan danshi ya yi yawa. A yawancin gonaki annoba ce, feshi ake yi mata. Idan ta kama inabi ana tsaka da ruwan sama, fatar ta fashe, ƙwayoyin cuta masu mayar da sukari tsami su shiga, a yi asarar nonon inabin gaba ɗaya. Wannan ita ce ruɓar banza, kuma a Tokaj ma ana samunta a shekarun da damina ta ƙi ɗaukewa.

Amma akwai wani yanayi, ɗan ƙanƙani, da fumfunar nan take yi wa manomi aiki maimakon ta cuce shi. Sharaɗi na farko, inabin ya riga ya nuna sarai kuma lafiyarsa ƙalau kafin ta sauka a kansa. Na biyu, safiya ta zo da danshi, rana kuma ta zo da zafi da busasshiyar iska, a yi ta maimaita haka makonni. Nan ne Tokaj ta yi dace. Garin yana daidai inda kogin Bodrog ya haɗu da kogin Tisza, ga fadamu kewaye da su. A watannin kaka, Satumba zuwa Nuwamba, hazon ruwa yakan tashi daga kogunan da asuba ya lulluɓe gonakin da ke jikin tsaunuka. Danshin ya ba fumfunar damar tsiro, ta soka zarenta ta cikin 'yan tsagogin fatar inabin, ta mayar da fatar kamar rariya. Hantsi ya daga, hazon ya watse, rana ta buga, ruwan da ke cikin ƙwayar ya riƙa fita ta waɗannan ƙofofi. Bushewar ranar ita ce take taka wa fumfunar birki, ba ta barin ta ta cinye ƙwayar. A ƙarshe ƙwayar ta yamutse, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ta rasa fiye da rabin ruwanta. Ita ce mutanen wurin ke kira aszú.

Dole wani ya ce, to ai zabibi ke nan, me ya hana a shanya inabin a rana a huta? Ana yin hakan a wasu wurare, a kudancin Sifen da inabin Pedro Ximénez da wasu sassan Italiya, kuma abin da ke fitowa yana da zaƙi sosai. Bambancin shi ne rana busarwa kawai take yi, fumfuna kuwa abu ne mai rai, tana ci tana fitarwa. Tana cin wani ɓangare na sukarin da na tsamin inabin, sai dai ruwan da ya fita ya fi abin da ta ci yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa duka biyun suke ƙaruwa a kowane ɗigo. Tana zuba gilisarin a ciki, wanda ke ƙara wa ruwan santsi a baki. Tana rushe wasu sinadaran ƙamshi na ɗanyen inabi, ta bar hanyar da wasu sababbi za su samu. Ɗaya daga cikinsu, sotolon, shi ne ainihin sinadarin da ke ba hulba ƙamshinta. Idan kika tuna abin da kika shaƙa a cokalin nan, mai yiwuwa a bayan zumar akwai wani ɗan ƙamshi mai ɗumi da ya yi miki kama da na gida ba ki gane shi ba. Ki sa wannan a rahotonki, malamanku za su san abin da kike nufi.

Irin inabin ma yana da nasa hannu. Furmint shi ne ya mamaye kusan kashi biyu cikin uku na gonakin yankin, sai Hárslevelű, sai Sárga Muskotály da wasu 'yan kaɗan. Furmint fatarsa ba ta da kauri, ƙwayoyinsa a cunkushe suke, yana jinkirin nuna, kuma ko ya nuna tsaminsa ba ya faɗuwa. Ki riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Fumfunar ba ta kama nono ɗaya gaba ɗaya a lokaci guda. A jikin nono ɗaya sai ki ga wannan ƙwayar ta yamutse, ta kusa da ita tana nan ɗanya shar. Don haka ba a yanke nonon, ƙwaya ɗai-ɗai ake tsinka da yatsu, a bar sauran, a dawo bayan kwanaki a sake bi. Babu injin da ke yin wannan aiki. Mutum zai yini a tsaye cikin sanyin Oktoba da Nuwamba, abin da zai tara bai taka kara ya karya ba. Rabin amsar da za ki ba masu cewa an tsawwala kuɗi ke nan. Ɗaya rabin kuma, ba kowace shekara ake samu ba.

Daga waɗannan ƙwayoyi abu biyu ke fitowa, kuma mutane sukan haɗa su. Na farko shi ne Tokaji Aszú, wanda ya fi yawa a kasuwa, a kwalba mai rabin lita. Ana jiƙa ƙwayoyin a cikin ruwan inabi ko sabuwar giya ta wannan shekarar na kwana ɗaya ko biyu, a matse, a bar shi ya tsimu, sannan ya kwanta a gangar katako aƙalla wata 18. A da ana auna zaƙinsa da kwandon goyo da ake kira puttony, mai cin kamar kilo 25: kwando nawa aka zuba a gangar Gönc mai lita 136. Shi ya sa za ki ga an rubuta 5 puttonyos ko 6 puttonyos a jikin kwalba. Yanzu ba kwando ake ƙirgawa ba, sukarin ake aunawa. Tun daga girbin 2013 doka ta ce duk abin da za a kira Aszú sai sukarin da ya rage a cikinsa ya kai giram 120 a lita, mai lamba 6 kuma giram 150.

Na biyun shi ne wanda kika gani. Kafin a jiƙa ƙwayoyin, ana tara su a babban mazubi mai 'yar ƙofa a ƙasa. Ba a matsa su, ba a taka su. Nauyin na sama ne ke danne na ƙasa, wani ruwa mai kauri ya riƙa tsattsafowa ɗigo-ɗigo, kwana da kwanaki. Wannan ɗigon shi ne Eszencia. Doka ta ce sukarinta kada ya gaza giram 450 a lita, a aikace kuma 500 zuwa 700 ba abin mamaki ba ne, akwai ma shekarun da ta wuce haka. Don ki ga girman alƙalamin: ruwan nunannen inabi na yau da kullum yana da kamar 200 zuwa 250, Coca-Cola kuma 106.

A nan amsar ƙarancin barasar take. Yisti ne ke cin sukari ya fitar da barasa, kusan giram 17 na sukari a lita kan ba da kashi 1 cikin 100. Da lissafi kaɗai ake bi, ruwa mai giram 600 ai sai ya ba da giya mai tsananin ƙarfi. Amma yisti ƙwayar halitta ce mai ruwa a jiki, idan aka jefa ta cikin sukari mai kauri haka, sukarin ne ke zuƙe mata ruwa ta bangon jikinta. Kin yi wannan a aji, dalilin da ya sa zuma da jam ba sa saurin lalacewa ke nan. Ƙari a kan haka, fumfunar ta riga ta cinye wani kaso na naitirojin da bitamin da yistin ke rayuwa a kansu. Saboda haka tsimuwar takan yi ta jan ƙafa shekara da shekaru a cikin manyan tulunan gilashi, mafi yawa a saman ruwan inda ya ɗan tsotsi danshin iska ya sassauta. Ta yi kaɗan idan gari ya yi ɗumi, ta tsaya idan sanyi ya shigo. Bayan shekaru sai a tarar abin da yistin ya ci bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na sukarin ba. Gilashi ake sa ta ba katako ba, domin kaurinta yana iya janye danshin katakon ganga har ta fara yoyo.

Yanzu ga tambayarki ta tsakiya, wadda ni a wurina ita ce mai daɗin amsawa.

'Yan ajinku da suka ce ruwan sukari ne, sun faɗi abin da harshe ke fara ji, sun tsaya a nan. Masu ɗanɗano na gaske ba zaƙin suke ba maki ba. Zaƙi abu ne mai arha, kowa zai iya zuba sukari a ruwa. Abin da suke jira shi ne abin da zai biyo bayan zaƙin, wato tsami. Giyar inabi ta yau da kullum tana da tsami kamar giram 5 zuwa 7 a lita. Eszencia takan ninka wannan sau biyu, sau uku. Da za a cire sukarin a bar tsamin nan shi kaɗai, ba mai iya haɗiye shi. Da za a cire tsamin a bar sukarin, cokali ɗaya zai ginshe mutum. Duk wanda ya taɓa shan kunun tsamiya da aka cika wa sukari ya san yadda abin yake: tsamiyar ce ke sa a shanye kofin har a nemi ƙari, sukarin da aka zuba a ruwan zalla kuwa ba ya shayuwa. Abin da ya sa Tokaj ta yi suna shi ne Furmint yana riƙe tsaminsa har cikin Nuwamba, bushewar ƙwayar kuma tana tattara tsamin kamar yadda take tattara sukarin.

Ga yadda mai ɗanɗano yake bi. Yakan fara da ido. Sabuwar Eszencia ruwan zinare ce mai haske, idan ta shekara sai ta koma ruwan zuma mai duhu, tsohuwa sosai har ta kai launin baƙin shayi. Duhun ba aibi ba ne, sukari da iska da shekaru ne ke kawo shi. Amma kwalbar da ba ta daɗe ba idan aka ga ta yi duhu da wuri, alama ce iska ta shige ta ko an ajiye ta a zafi. Yakan karkata cokalin ko kofin ya ga yadda take tafiya, a hankali, tana manne wa gilashi.

Sannan hanci, kuma a nan ake daɗewa. Shaƙa gajere ake yi sau biyu ko uku, a janye, domin hanci yana saurin sabawa da ƙamshi ya daina jin sa. A sabuwa abin da aka fi ambata shi ne busasshen afirkot, ɓawon lemu da aka dafa da sukari, zuma, wani lokaci za'afaran ko citta. Idan ta tsufa sai ƙamshin ya gangara wajen dabino, busasshen ɓaure, ƙonannen sukari, gahawa, ganyen shayi. Abin da ake yabo ba yawan sunayen da mutum ya iya jerowa ba ne. Ni ina ɗan shakkar mai ɗanɗanon da ke lissafa abu ashirin a cokali ɗaya, sau da yawa baki ne ya fi hanci aiki. Abin dubawa shi ne ko ƙamshin yana sauyawa. A bar ta minti goma a dawo, idan ta buɗe wani sabon abu, mai kyau ce. Ruwan sukari da aka ɗiga wa turare yadda kika bar shi haka za ki tarar da shi.

Hancin ne kuma ke kama aibi. Giyar da fumfuna ta taɓa takan zo da ɗan ƙamshin binega kaɗan, doka ma ta yi mata sassauci a kan haka fiye da sauran, kuma kaɗan ɗin yana ɗaga sauran ƙamshin. Idan ya yi yawa har ya koma warin ruwan goge farce, an samu matsala. Haka idan aka ji warin rumar ɗaki ko jiƙaƙƙen kwali: ko dai ruɓar banza ta shiga cikin tsinkar, ko toshiyar kwalbar ta ɓata abin.

A baki kuwa ɗan kaɗan ake ɗauka, a bar shi ya bazu a harshe, ba a gaggawar haɗiyewa. Zaƙin ne ke fara isowa, da nauyi da santsi. Bayan daƙiƙa kaɗan sai gefen harshe ya fara tsatsa, yawu ya taru. Wannan yawun shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya, tsamin ne ya iso. Mai ɗanɗano yakan rufe baki ya fitar da numfashi ta hanci, saboda ƙamshi yana da hanya ta biyu da yake hawa zuwa hanci ta bayan maƙogwaro, ita ce hanyar da mura ke toshewa har abinci ya zama lami. Daga nan sai jira: tsawon wane lokaci ɗanɗanon zai zauna bayan an haɗiye ko an tofar, kuma me ya bari. Mai kyau takan zauna minti ɗaya ko fiye, ta bar baki a wanke. Marar kyau takan bar danƙo da ƙishirwa. A gasa da wuraren tantancewa tofarwa ake yi, don mutum ba zai haɗiye samfur hamsin ya ci gaba da yin hukunci da hankalinsa ba.

Sanyin da aka ba da ita ma yana sauya hukunci. Harshe ya fi jin zaƙi idan abu yana da ɗumi, sanyi kuma yana danne ƙamshi. Shi ya sa ake neman tsaka-tsaki, wajen digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, kusan sanyin ɗakin ƙasan da kuka shiga. Kuma ita ake ajiyewa ƙarshe. Duk abin da aka ɗanɗana bayanta zai zama kamar ruwan tsami, saboda harshen ya riga ya saba da zaƙi mai yawa.

Cokalin gilashin, in gaya miki gaskiya, rabi hikima ne rabi talla. Hikimar ita ce abu mai kauri haka idan aka zuba shi a kofi, kaso mai yawa zai manne a jikin gilashin a yi asararsa. Amma kofi ya fi tara ƙamshi, kuma masu aikin tantancewa da ƙaramin kofi suke yi. Aszú akan haɗa shi da abinci, musamman hantar dinya da Hangari ta yi suna da ita, ko cuku mai gishiri da shuɗin fumfuna irin Roquefort na Faransa, don gishiri da maiƙo suna tare zaƙin. Idan da kayan zaƙi za a haɗa, kada su fi giyar zaƙi. Eszencia kuwa ita kaɗai ake ba da ita.

Idan kin lura da wani baƙin abu da ya lulluɓe bangon ɗakin ƙasan kamar auduga, wata fumfunar ce daban, ba Botrytis ba. Sunanta Cladosporium cellare, tana rayuwa ne a kan tururin barasa da ke fita daga ganguna. Ɗakunan an fafe su ne a cikin dutse mai laushi da aman wutar tsaunuka ya bari tun zamanin da, wasunsu sun yi ɗaruruwan shekaru, sanyinsu da danshinsu ba sa sauyawa rani da damina.

Ga rahotonki, ki yi hattara da labarin da ake ba baƙi. Za a ce miki wani limamin coci mai suna Máté Szepsi Laczkó ne ya fara yin Aszú wajen 1630, wai an jinkirta girbi don tsoron harin sojojin Daular Usmaniyya, inabin ya ruɓe a gonar Oremus, ya sarrafa shi haka nan ya kai wa uwargijiyarsa Zsuzsanna Lorántffy. Labari ne mai daɗi, amma akwai takardar rabon gado ta 1571 da ta riga ta ambaci giyar aszú, kusan shekara 60 kafin nan. Jamusawa ma suna da irin nasa, na ɗan aiken da ya makara da izinin girbi a Schloss Johannisberg a 1775. Abin da yake tabbatacce shi ne dokar sarki ta 1737 da ta shata garuruwan da ke da ikon amfani da sunan Tokaj, tana cikin irinta na farko a duniya. A ƙarni na 18 fadojin Turai suna rububinta, sarakunan Rasha har wakilai suka ajiye a yankin don saye. Kirarin da za ki gani a jikin kwalabe, giyar sarakuna sarkin giya, ana jingina shi ga Sarki Louis na 14 na Faransa. An kuma daɗe ana ba marasa lafiya Eszencia a matsayin magani. Ni dai ina ganin sukari ne mai saurin shiga jini yake ɗan farfaɗo da wanda ya kasa cin abinci, ba wani sirri ba, kuma mai ciwon sukari ba abin da ya haɗa shi da ita.

Bayan haka yankin ya sha wuya. Ƙwaron filoksera ya cinye gonakin a shekarun 1880, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta yanke wani ɓangare ya faɗa ƙasar da yanzu take Sulobakiya, zamanin kwaminisanci kuma gwamnati ta mayar da hankali kan yawa maimakon kyau. Daga 1990 aka fara gyara: Hugh Johnson na Ingila da abokansa suka kafa Royal Tokaji, kamfanin AXA na Faransa ya sayi gonar Disznókő a 1992, Vega Sicilia na Sifen ya sayi Oremus a 1993, ga kuma 'yan ƙasa irin István Szepsy a garin Mád. A 2002 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Idan malamanku suna son kwatance, Sauternes ta Faransa ita ce 'yar'uwarta mafi kusa, inda ƙaramin kogin Ciron mai sanyi ke shiga Garonne ya ta da irin wannan hazo. Shahararren gidan can, Château d'Yquem, yakan ƙi fitar da giya da sunansa gaba ɗaya idan shekara ba ta yi ba, kamar yadda ya yi a 1992 da 2012. Amma Sauternes tana da barasa kashi 13 zuwa 14, sukarinta kuma bai fi na Aszú ba. Wadda ta fi kusa da Eszencia a kauri da ƙarancin barasa ita ce Trockenbeerenauslese ta Jamus da Ostiriya.

Kuɗin fa? A 2019 Royal Tokaji ta fitar da Essencia (haka su suke rubuta Eszencia) ta girbin 2008 a wasu 'yan kwalabe na musamman masu lita ɗaya da rabi, kowace a kan dala 40,000. Wannan kuɗin kwalba ne da suna da neman a faɗa, ba na abin da ke ciki kaɗai ba. 'Yan ajinku suna da gaskiya a nan. Inda ba su da ita shi ne cewa ruwan sukari ne. Ki nemi takardar gwajin kwalbar da aka ba su, yawancin masu yin ta suna bayarwa: sukari, jimillar tsami, barasa. Ki jera alƙaluman uku kusa da na Aszú da na giya marar zaƙi ta Furmint daga gida ɗaya, rahotonki ya samu ƙashin baya.

Idan kuma kina son harshenki ya san abin da ake magana a kai ba tare da kin taɓa giya ba, akwai hanya. Ki koma a watan Oktoba lokacin tsinka, daga Debrecen ba nisa. Ki roƙi mai gona ya ba ki ƙwayar aszú biyu ko uku daga jikin kuringa, da ɗanyar ƙwayar Furmint daga nono ɗaya, da zabibin kanti a gefe. Ki fara da ɗanyar, sannan zabibin, sannan aszú, kina kurkure baki da ruwa a tsakani, kina rubuta lokacin da yawu ya taru a kowanne. Ki tambaya kafin ki tsinka, domin a wannan watan ƙwayoyin nan a sikeli ake auna su, da kilo ake biyan masu tsinkar.